Nomau da Gilashin Hular Kwano

A garinmu, Rafin Kanya, akwai wani gida a bakin hanya mai mutum uku: Inna Tabawa, da babban ɗanta Sallau ɗan acaɓa, da autanta Nomau. Nomau ba mahaukaci ba ne, kuma ba shi da ƙiwuya. Matsalarsa ɗaya ce: yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Da babur ɗin Sallau gidan ke ci. To, a farkon damina Sallau ya faɗi ya karye a ƙafa, dole ya miƙa wa ƙanensa makulli da hular kwano mai gilashi. Ya ce, "Ka ji ni da kyau. In ka kasa, ɗan maƙwabta zan ba ya riƙa ja." Nomau kuwa tun da yake ba a taɓa damƙa masa wani abu ba, ko da akuya ce. Don murna, ranar a gindin babur ya kwana.

Wata rana ruwa ya tare shi bayan magariba yana dawowa daga kasuwa. Ya sauke gilashin hula, nan da nan komai ya yi masa fari fat. Da ƙyar ya lallaɓo gida, ya ce da yayansa wani irin hazo ya sauka a duniya, duk inda ya juya kai sai ya biyo shi. Sallau ya yi tsaki ya ce, "Wane hazo? Suracin numfashinka ne ke kwanciya a gilashin. Ba don numfashi ba, da ras za ka gani." Kashegari aka sake ruwa, Nomau ya ɗauko wani mai gyaɗa da buhunsa, ya ja iska ya cika ciki, ya riƙe. Gilashi kam ya yi ras. Amma kafin su wuce makarantar firamare idonsa ya fara juyawa, babur ya saki hanya ya kutsa gonar dawa. Mai gyaɗa ya tashi yana salati yana tofar da laka, Nomau kuma yana kwance yana haki, yana cewa, "Wallahi Yaya ya yi gaskiya, na ga gonar nan sarai kafin mu shiga."

Wata rana bakaniken bakin tasha ya ji tausayinsa, ya ce, "Kai, shafa sabulu a cikin gilashin, suraci ba zai kama ba." Dabara ce ta gaskiya, ɗan kaɗan ake shafawa a goge da tsumma. Sai dai bakanike bai ambaci gogewa ba, bai kuma ce ɗan kaɗan ba. Nomau ya ɗauki sabulun wankin Inna ya dirje hular ciki da waje har ya ƙare. Da ruwa ya sauko a hanya, sai kumfa ta fara tashi. Ni da idona na gan shi ya shigo gari, fitila na haske, kai babu sai wani farin tulin kumfa yana zuba a kafaɗu, ana kuka a ciki saboda yajin ido. Yara suka watse, mai shayi ya tsallake bencinsa. Inna Tabawa ba ta ce komai ba sai, "Sabuluna fa?"

Wata rana wani tsohon ɗan acaɓa ya ce masa, "Ɗaga gilashin iska ta riƙa shiga." Nomau ya ɗaga shi har ƙarshe. Daren nan kuwa an ɗauke ruwa ke nan, shinge, ƙwarin nan masu fiffike, ya fito daga kowane suri yana bin hasken fitila. Tunda ba a ce ya sauke ba, bai sauke ba. Ya iso gida fuska a kumbure, hula cike da ƙwari, fasinja ya daɗe da dirowa a hanya. Inna ta zazzage hular a kasko ta soya, aka ci da gishiri. Sallau dai ko ɗanɗanawa bai yi ba. Ya ce, "Ya isa. Gobe ka kai ni wurin maɗori ya duba ƙafar nan. Muna dawowa ka ba ni makullina." Nomau ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, Yaya." Na ji tausayinsa ƙwarai.

Wurin maɗori layi ya yi tsawo, ba su taso ba sai da duhu ya shiga, ga hadari ya gangamo. Suna barin garin maɗorin aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gilashi ya rufe, babur ya fara tangaɗi. Sallau na baya, ƙafa ɗaure da kara, ya daka tsawa: "Kai! Inda idonka bai gani ba, kada tayarka ta taka!"

Nomau ya taka birki. Ya kafe babur a tsakiyar hanya da yayansa a kai, ya ɗaga gilashi, ya kunna tocilar waya, ya tafi a ƙasa yana duban hanya a sunkuye. Da ya yi ɗan nisa ya dawo, ya hau, ya tuƙa daidai inda ya gani, ya sake sauka.

"Me kake yi haka?" in ji Sallau.

"Ina ganin hanya, Yaya."

"Hau mu tafi, don Allah! Hanyar da na sani kamar tafin hannuna?"

"Kai ka san ta. Ni idona bai gani ba."

Haka suka riƙa yi. Sallau ya yi zagi, ya yi magiya, ya jiƙe sharkaf, ba halin sauka. Da suka kusa kwalbatin da ke kan rafi, Nomau ya tafi dubawa, ya daɗe bai dawo ba. Can sai ga shi jiki a sanyaye.

"Yaya, ka yi haƙuri. Na duba, na duba, hanyar ta ƙare."

Sallau ya buɗe baki zai yi faɗa, sai aka yi walƙiya. A cikin hasken nan ya ga abin da har yau in yana ba da labari sai tsigar jikinsa ta tashi. Babu kwalbati. Ruwa ya tafi da shi gaba ɗaya, sai wani wawakeken rami, jan ruwa na tafasa a ciki yana juya bishiya sukutum da saiwoyinta. Ƙarar da suka ɗauka ta ruwan sama ce, ashe ta rafi ce. Duhu ya dawo.

Sai ga fitilu daga baya. Motar 'yan kasuwa ce shaƙe da mutane, direba na ta hon don a kauce masa. Ganin babur a kafe a tsakiyar hanya dole ya tsaya, ya sauko da zagi a bakinsa. Nomau ya kama hannunsa ya kai shi bakin ramin ya haska masa. Direban nan, ƙaton mutum, a cikin laka ya zauna daɓas. Mata suka sauko suna kabbara, wata tsohuwa ta riƙe rigar Nomau tana sa masa albarka. Shi kuwa bai gane abin da ake yi ba. A ganinsa an ce ya kai yayansa gida, kuma bai kai shi ba.

Ya zare makulli daga babur, ya miƙa wa Sallau da hannu biyu. "Ga shi, Yaya. Na kasa."

Sallau ya dube shi, ruwa na zuba a fuskarsa, ba duka na sama ba ne. Ya kama hannun ƙanensa ya dunƙule masa yatsu a kan makullin.

"Mayar da shi, ɗan'uwana," in ji Sallau. "Juya mu koma. In ba kai ba, ba mai sake ja na."