Rasuwar Ruwa-Biyu, Wadda Man Ja Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Maryamu 'yar Sulaimanu kafinta, ta gidanmu da ke layin Ladeira da Praça a nan birnin Bahiya, ƙetaren teku, nake sanar da 'yan uwa Hausawan wannan gari rasuwar abar kiɗana, Ruwa-Biyu. Ta rasu ranar Talata tana da shekara goma sha tara.

Marigayiyar ba banjo ba ce, ba kuma jita ba ce. Cikinta na banjo ne, wato wani irin molo mai ciki kamar ganga, wanda wani matuƙin jirgin ruwa ya yar a bakin tasha. Wuyanta kuwa na wata jita ce da ta fashe. Baba ne ya haɗa su, ya ja mata fatar akuya, ya ɗaura tsirkiya shida, don ya rasa molo irin wanda ya baro a gida ƙasar Hausa kafin a kamo shi a kawo shi nan bauta. Masu jita sun ce hayaniyarta ta yi yawa, masu banjo sun ce wuyanta ya yi tsawo. Ba ta taɓa mayar wa kowa magana ba, sai dai ta ce tan-tan-tirin.

Babban alherinta a gidanmu shi ne wannan: Baba ya tsufa, hannunsa ya daina iya kiɗa, waƙoƙin garinsu sun fara tsere masa. Amma da na ɗauke ta na kaɗa, sai baiti ya faɗo masa, ya rera, ni kuma in rubuta. Waƙa tara muka kama. Muna tsakiyar ta goma, ta masu noman gero, ajali ya zo.

Ajalin kuwa sunansa Ɗanbaba, mijin yayata Talatu. Ya zo aro ranar Asabar, wai zai kaɗa wa abokansa a dandalin Largo do Teatro. Na so in hana, amma don kunyar yayata na miƙa masa ita. A can ruwan sama ya same su, ya sa fatar ta saki, har muryarta ta koma buf-buf. Duk wanda ya taɓa riƙe kalangu ya san maganin wannan: a kanga fatar a gefen wuta, daga nesa, ta ɗame. Shi kuwa Ɗanbaba haifaffen nan Bahiya ne, a wurinsa babu cutar da man ja ba ya warkarwa. Ya je wurin Lantana mai ƙosai, ya tsoma tsumma a kaskonta, cikin man da aka kwana uku ana soya jatan lande, ya shafe marigayiyar ciki da waje. Har tsirkiyoyin bai bari ba.

Da ya ga ta yi ja ta yi laushi kamar ganda, sai kunya ta hana shi dawo da ita. Ya tura ta bayan buhunan garin rogo a ɗakin ajiyarsu. A can ta yi jinya kwana uku, ɓeraye suna duba ta.

Ni na je na ɗauko ta ranar Talata. Ba zan faɗi duk abin da na gani ba, akwai masu karanta wannan a kan abinci. Fatar dai saura gefe-gefe, kamar bakin tuwon da yara suka yi wa rubdugu. Kyankyasai sun tare a cikinta da iyalansu. Warin kuma, na wanke hannu da toka sau biyar, har yanzu in na kai loma baki sai in ajiye. Na taɓa tsirkiya ɗaya, ta ce fff, daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

Shi kuwa mai aikin yana tsaye yana sosa ƙeya. "Haba ƙanwata, ai gyara na yi mata. Ba ki ga ƙyallin da ta yi ba?" Na dai dube shi har ya sauke hularsa.

Ta rasu ta bar wuya guda mai maiƙo, da tsirkiya huɗu, da ƙusar bango da take rataye a kai, da rabin waƙa. Ta bar Baba, wanda tun ranar Talata yake zaune yana motsa leɓe babu abin da ke fitowa. Na gwada buga masa ƙwarya, ya ce, "Bari, uwata, ba ita ba ce."

Za a binne ragowar fatar ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin ayabar bayan gida. Ba za a yi mata sallah ba, liman ya riga ya ja mini kunne. Ɗanbaba ne zai haƙa ramin. Daga nan zai wuce mahauta ya ɗauko ɗanyar fatar akuya da za a sake ja wa cikin marigayiyar, ya jiƙa, ya kankare gashin da hannunsa, Baba na zaune yana faɗa masa yadda ake yi, ko da zai ɗauki wata guda yana amai. Yaya Talatu ta ce kafin ya gama, a tsakar gida zai ci abinci.

Masu ta'aziyya su shigo ɗakin Baba kai tsaye. Tsofaffin da aka haifa a gida ƙasar Hausa, don Allah ku zo, ko da ɗauko ku za a yi. Wanda ya san waƙar noman gero ya ɗan ja masa farkonta. Ina bayan labule da alƙalami.