Yadda Za Ka Shirya wa Haɗarin Sharar Nukiliya Ba Tare da Ka Shirya Ba

Kai da gwamnati ta danƙa wa kuɗi don ka shirya mutanen unguwa, saboda motocin da ke kwashe sharar nukiliya daga asibitoci za su riƙa bi ta titinku, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na lamunce maka kuɗi za su ƙare tas, a kuma yi maka tafi. Datti, shugaban kwamitin wata unguwa a Zahir, cikin garin Makka, ya gwada su duka.

1. Kada ka yi tambaya

Tambaya zubar da girma ce. Da ma'aikacin da gwamnati ta turo ya fara bayanin tururin da ba a ganinsa, ba a jin warinsa, sai Datti ya ɗaga masa hannu. "Ya akhi, mu da muke tarbar duniya kowace shekara? Mutanen Makka sun fi kowa sanin lungunanta." Bawan Allah ya naɗe takardunsa ya tafi.

2. Sayi abin da ka saba saya

An ce a nemo na'urar auna tururi da wanda zai koyar da mutane. Na'ura ba ta kyau a hoto. A wajen Datti gaggawa iri ɗaya ce a duniya, wato zafin rana ya kayar da alhaji. Sai ya jibge laimomi, katan-katan na ruwa, da riguna masu ƙyalli.

3. Yi taron wayar da kai

Kama istiraha, wato gidan biki na haya, a yanka raguna, a dafa shinkafar mandi. Rabi'u mai shagon waya ya yi karambani ya ce, "Tayyib, in motar ta kife, ina za mu gudu?" Datti ya tura masa cinyar rago. Bakin da ke tauna ba ya gardama.

4. Ɓoye wa tsohuwarka

Gidan Hajiya Zubaidatu, mahaifiyar Datti, a bakin titin yake. Abu ɗaya ya shiga kunnen Datti cikin bayanin ma'aikacin nan: in an yi haɗari a yi nesa, a rufe taga. Amma in ya gaya mata, za ta tambaye shi me ya tanada, shi kuwa ya fi tsoron tambayarta a kan kowace guba. Kullum sai ya ce gobe.

5. Bar wa jama'a halinsu

Wata azahar motar sharar mai alamar rawaya ta daki shingen titi, ƙofar bayanta ta ɓalle. Direba ya fito yana ihu a ja da baya. Unguwar da tun kakanni ba ta san komai ba in ta ga baƙo cikin wahala sai ta ruga wajensa da ruwa, ta ruga. Samari da laimomi, a gabansu Hajiya da jug ɗin ruwan sanyi.

"Ummi, koma! Guba ce!" in ji Datti.

"Ya waladi, baƙo na kuka a ƙofata in koma? Wa ya koya maka haka?"

Tsoro ya kama Datti irin wanda bai taɓa ji ba. Kafin ya cim mata, har ta jingina da motar tana shayar da direba.

6. Karɓi yabo

An kwantar da Hajiya a asibiti, likitoci sun ce sai an jira sakamakon gwaji. Datti na kan benci a baranda, yana jiyo ta tana gaya wa nas, "Ɗana ne shugaban kwamiti. Duk abin da muka yi yau, shi ya shirya mu."

Gargaɗi

Marubucin nan bai ci mandi ba, bai sa riga mai ƙyalli ba, don haka babu ruwansa. In ka bi matakan nan ka tsinci kanka a bencin asibiti, uwarka tana yabonka a ciki, kada ka neme ni. Nemi bakin da za ka gaya mata gaskiya da shi.