Makullin Ɗakin Kwamfuta Yana Hannu Nagari

Jiya na rufe shagon ɗinkina, na zuba babbar riga, na tafi jami'a roƙon arziki. Na dawo da ciwon ƙafa da ilimi kyauta.

'Yata Auta ce dalili. Tana shekarar ƙarshe, tana karanta yadda babbar manhajar kwamfuta ke raba wa ayyuka wuri da lokaci. Saura mata jarabawa guda, wadda dole sai a gaban na'ura ake yin ta. In Alhamis ta wuce ba a yi ba, sai ta maimaita shekara. Na'urorin kuwa suna nan sababbi fil, wata bakwai ke nan a kulle a ɗaki.

Na fara da Mai Girma Mai Riƙon Makulli. Mutumin kirki, har kujera ya ba ni. Ya ce ba zai saki makulli ba sai Babban Mai Duba Kaya ya sa hannu cewa kaya sun cika. Na hau bene hawa uku wurin Mai Duba Kaya, Allah ya ƙara masa lafiya. Shi kuma ya ce ba ya sa hannu a kan abin da idonsa bai gani ba, a buɗe masa tukuna. Kowa da gaskiyarsa, ni da gumina.

Da na ba Auta labari sai ta yi dariya har da hawaye, ban dai tabbatar hawayen na dariya ba ne. Ta ce ai babin da suka fi daɗewa a kai ke nan: ayyuka biyu su yi cirko-cirko, kowanne ya riƙe abin da ɗayan ke jira, kwamfuta ta sandare. Na tambaye ta magani.

"Baba, manhajar korar ɗaya take yi, ta ƙwace abin da ya riƙe."

Maƙwabcina mai faci ya ce shi ya sa ba za a taɓa ba kwamfuta muƙami ba, ba ta san girman manya ba.

Amma kada wani ya ce manyanmu barci suke. Yau da safe an manna takarda: an kafa kwamitin gaggawa, Mai Makulli shugaba, Mai Duba Kaya sakatare. Wurin zama kuwa ɗakin kwamfuta, da zarar an buɗe shi.

Auta ta ninke rigar bikin kammala karatu da na ɗinka mata, ta sa a ƙasan akwati. Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci. Sa'ar da aka yi, na san inda take karatu, don haka na bar sarari a ɗinkin. Ko ta yi ƙiba kafin a buɗe, rigar za ta shige ta.