Tanimu a Rigar Alhaji

Ku yaran yanzu ba ku da kunya, baki ya fi ku girma! Ku zauna ku ji abin da ya sami Tanimu, jikan maƙwabciyata.

Tanimu dai babu abin da bai sani ba. Sau ɗaya ya taɓa raka wani asibiti, amma in yana magana sai ka rantse shi ya yaye likitoci.

Ƙanena Alhaji Mamuda zuciya ta dame shi, aka ce a saka shi a injin da ke nuna yadda jini ke gudu a cikinta. Ni da Tanimu muka raka shi. Aka ce ya cire komai, riga, hula, agogo, makullin mota. Ya danƙa wa Tanimu.

"Inna, wannan injin na san shi ciki da waje," in ji Tanimu. "Awa guda cur, ko motsi ba a yi."

Ƙofa na rufewa Tanimu ya tuɓe rigarsa ya cusa a jakar Alhaji, ya zuba babbar rigar Alhajin, ya karya hula. Na ce, "Kai, ajiye!" Ya ce, "Guga nake tsare mata." Ya nufi wajen Atine mai sayar da lemo a bakin ƙofar asibiti, makulli na kacau-kacau.

"'Yammata, kin ga waccan farar motar? Ita ce ƙarama cikin motocina."

Ashe an sake wa injin dabara. Likita ta ce an koya wa kwamfuta da dubban hotunan zuciya, yanzu kaɗan take ɗauka ta haɗa sauran. Minti bakwai, sai ga Alhaji ba takalmi, cikin 'yar rigar asibiti, yana riƙe bayanta da hannu.

Muka iske Tanimu ya jingina da mota yana cewa, "Direbana ma yana ciki, tsoho ne, ni nake masa magani."

Alhaji ya dafa kafaɗarsa. "Ranka ya daɗe, direba ya fito. Tuɓe!"

"Baba, a nan?"

"A nan ka saka ni direba."

Ya tuɓe tsaf, sai wata singileti mai huji uku. Atine ta ƙyalƙyale har lemo ya zube. Alhaji ya ja motarsa, jaka da rigar Tanimu suna ciki. Haka Tanimu ya tako tun daga asibiti har unguwa, rana tsaka, hannu bisa ƙirji yana rufe huji biyu, na ukun kuwa duk gari ya gani.