Mai Wake da Zaɓen Dattawa

Wani mutum ne a garinmu, nan bakin Nilu, mai sayar da dafaffen wake a amalanke. Shekara ashirin da biyu tukunyarsa na ƙofar ofishin 'yan sanda. Wuri ne mai albarka, don duk wanda aka kama sai danginsa sun biyo shi, dangi kuwa da yunwa suke zuwa. Wurin nan shi ne ransa.

Riƙe wurin ba shi da wuya. Duk jajibirin zaɓe wani hafsa, Safwat Basha, zai zo ya cinye kwano guda da gurasa biyu, ya goge gashin baki, ya ce, "Gobe fitila."

"Fitila, Basha."

Washegari mutumin ya sa wa hoton fitila alama a takardar ƙuri'a, ya ɗaga takardar sama har masu layi su shaida. Shi ke nan, amalanke ta tsira.

Kwatsam gwamnati ta faɗi! Safwat Basha ya yi layar zana. Aka sa ranar zaɓen majalisar dattawa, gari ya rikice da murna, hotuna har a jikin jakuna. Mutuminku kuwa, ran jajibiri, ya zuba kwano, ya sa man zaitun, ya zauna jira. Wake ya huce, babu wanda ya zo ya ce masa komai.

Matarsa, Ummu Ragab, ta ce, "Yanzu fa kowa son ransa yake zaɓa."

"Rufe mana baki, kada ki ja mana! Son rai? Mu?"

Ranar zaɓe ya je rumfa, ya tarar da wani alƙali mai kula da zaɓe a tebur, ya sunkuya ya raɗa masa, "Ranka ya daɗe, wa aka ce?"

"Aka ce me?"

"Haba ranka ya daɗe, ni na gida ne. Wa aka ce?"

"Babu wanda aka ce, Baba. Wanda kake so."

Mutumin ya ƙyafta masa ido. "Madalla. To wa nake so?"

Alƙali ya miƙa masa takarda, faɗinta kamar tabarmar sallah, 'yan takara arba'in da ɗaya: mai tsani, mai fanka, mai ayaba, har da mai buroshin haƙori. Fitila kuwa ko sama ko ƙasa. Ya nuna masa bayan labule.

"Ni kaɗai? Ba shaida?"

"Sirri ne."

"Wallahi ban taɓa ɓoye wa hukuma komai ba! A tambayi unguwa!"

Aka tura shi ciki. Gumi ya karyo masa. Ya ce a ransa, tarko ne, so ake a gane masu son rai. Sai dabara ta faɗo masa. Ya bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ba shi alama, har mai buroshi. Ya yaye labule, ya ɗaga takarda sama, ya kwarma ihu, "Jama'a ku shaida, ban saɓa wa kowa ba!"

Layi ya fashe da dariya. Alƙali ya dafe kai ya ce, "Baba, ka lalata ƙuri'arka."

"Ta lalace, ranka ya daɗe. Ƙuri'a nake dafawa?"

Bayan kwana biyu ana zaune a gidan shayi, rediyo ya ce mai fanka ya ci da kashi talatin da takwas cikin ɗari. Mutumin ya ƙware da shayi.

"Nawa? Ba casa'in da tara ba kamar kullum?"

"Talatin da takwas."

Ya yi lissafi da yatsu, sai ya daka tsalle har ya ture kujera. "Sittin da biyu sun kuskure! Sittin da biyu cikin ɗari! Ina ofishin 'yan sanda zai ɗauke su? Wannan kamu sai babban kurkuku!"

Aka ce masa ba a kama kowa yanzu. Ina! Ya bar wurin shekara ashirin da biyu, wani mai gasa masara ya shige kafin sawun tayarsa ya goge. Ya tura amalanke har ƙofar kurkuku a bayan gari, da tukunya uku, ya ja Ummu Ragab ta zo yankan albasa.

Kwana ɗaya shiru. Kwana biyu, sai ƙuda. Ummu Ragab tana kuka, ba na albasa ba.

Rana ta uku sai ga mota mai taga da ƙarafa. Mutumin ya fara kaɗa ludayi, "An fara! Zuba mai, zuba mai!"

Aka buɗe ƙofa. Mutum ɗaya tak aka sauko da shi, da farar rigar fursuna da ankwa a hannu. Gashin bakin nan dai, ko a mafarki ya san shi. Safwat Basha ne.

Ludayi ya faɗi. Mutumin ya matso, idonsa ya ciko da hawayen tausayi, ya ce, "Wayyo Basha! Kai ma ba a gaya maka wanda aka ce ba?"