Yadda Za Ka Ba Ƙanen Matarka Ragon Gasar Gwangwani

An binne gwangwani na bakwai cikin ƙasar Nijar. Abin da ya ɓata wa Maharazu shiri ke nan, sauran matakan duk daidai ya yi su. Ka bi su, na yi maka alkawari rago zai kwana gidan surukanka.

Shekarar da aka rufe boda, direbobin Illela zama ya ishe su, suka ƙago gasa. Alƙali ya binne gwangwani bakwai bayan gari, kowanne da makinsa. Wanda ya fi tara maki ya ja rago.

1. Zama alƙali

Kada ka nema. Tsaya tsakiyar tasha ka yi ta rantsuwa ba ka so, har a ɗora maka. Maharazu sau uku ya ƙi.

2. Rabon maki

Doka ta ce mai sauƙi maki ɗaya, mai wuya uku. To, wuya ba ta hawa sikeli, bakinka ne ma'auninta. Wanda ka cusa cikin ƙaya, inda mutum zai baro rabin rigarsa, ka ce ɗaya. Wanda ka raɗa wa ƙanen matarka wurinsa, girgiza kai ka ce uku, kai ma da ƙyar ka dawo.

3. Taku

Tsakanin gwangwani da gwangwani taku ɗari biyu ne, don kada mutum ya kwashe biyu a tsugunne guda. Dokar ba ta ce ƙafar wa ba. Maharazu gajere ne, ya ƙara da ƙanƙance taku, na shida da na bakwai suka zama maƙwabta. Dabo, ƙanen matarsa Ruƙayyatu, ya riga ya haddace: daga na shida, arewa sak.

4. Guje wa dogon mutum

Nan ne gaɓar. Yari, dogon dattijon tasha, ya biyo sawu ya ce, "Maharazu, wanga taku naka na ko na kaza?"

"Mi kaka nufi, Baba? Ƙahwar da Allah ya ba ni ke nan."

"To, bari a gwada wadda ya ba ni."

Yari ya miƙa arewa, taku ɗari biyu cif, ya tsallake dutsen iyaka bai lura ba. Maharazu ya lura. Amma in ya ce a karkata, haddar Dabo ta tashi banza, sai ya haɗiye ya binne.

5. Tanadin amsa

Koya wa mutuminka abin faɗi. Jandarma biyu suka tarar da Dabo durƙushe yana tona ƙasarsu, boda rufe. Suka ce mi yake nema. Ya ce, "Maki ukku."

Ni dai ban aike ka ba, kuma in an tambaye ni, ban taɓa ganinka ba. Rago Hamidu mai faci ya ja shi da maki huɗu. Dabo ya yi kwana biyar yana shara a Ƙonni, ya dawo da ƙwalƙwal, babu keken da ya je da shi. Ruƙayyatu ta sauke tukunya har sai da Maharazu ya tura nasa keken gidansu da hannunsa. Yanzu a ƙasa yake zuwa gonarsa ta Amarawa.