Kilibiyar Mama da Ɗan Manomin Citta

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tsaya a tsakar gidan surukata a Kafanchan ba, matan zumuntar cocinsu sun kewaye ni riƙe da bokitan fenti, ni kuwa ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. (Na ce surukata, amma ku bi ni a hankali, har yanzu maganar ba ta gama zama ba.)

Lokacin ina neman auren Rifkatu, har an tsai da cewa iyayena za su zo gaisuwa bayan Ista. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Mama, tsohuwar nas ce, mace mai tsabta da tsare gida. A falonta akwai wata shuka da ake ce wa kilibiya, mai dogayen ganye masu kauri da suka baje hagu da dama kamar mafici. Sau ɗaya a shekara, in sanyi ya wuce, takan fitar da fure ruwan goro. Marigayi mijin Mama, ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ya kawo mata ita daga Jos tun suna sabon aure. Na sha ganin Mama tana goge ganyen da tsumma mai laima tana yi musu magana ƙasa-ƙasa, ni kuwa ina durƙushe ina jiran a amsa gaisuwata.

Bayan Kirsimeti yayar Rifkatu ta haihu a Gwantu, Mama za ta tafi wankan jego, Rifkatu kuma tana bautar ƙasa a kudu. Sai Mama ta aika aka kira ni.

"Ɗana, wannan fulawa ba ya son damuwa," in ji ta. "Ka ajiye shi inda akwai haske, amma kada rana ya taɓa shi. Yanzu yana hutu ne. Ruwa kaɗan kawai, shi ma sai ƙasa ya bushe sosai. Ka ji ko?"

"Haba Mama," na ce, har da bugun ƙirji. "Ni fa ɗan Kachia ne, a gonar citta aka binne cibiyata. Kafin ki dawo ba za ki gane ta ba."

Allah ya amsa wannan maganar, amma ba ta inda na so ba.

Na kai ta ɗakina na ɗora a kan tebur. Da farko lafiya lau. Sai wata rana na duƙa na duba sosai. Saiwoyi farare masu kaurin yatsa sun ɓullo saman ƙasa, sun cushe tukunyar, ƙasar kuma ta bushe ƙamas. Tun daga ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba. Ina cikin aji ina koyar da yara lissafi, amma zuciyata tana kan tebur. In ta mutu a hannuna fa? Da wane ido zan kalli Mama? Na ɗauki waya zan kira ta, sai na tuna da bugun ƙirjin nan, na mayar da wayar aljihu.

A gonarmu, in saiwa ta fito fili rufe ta ake yi, in ƙasa ta bushe a shimfiɗa mata ciyawa a ba ta taki. Abin da na sani ke nan tun ina yaro. Na ce a raina Mama asibiti ta sani, harkar ƙasa kuwa tamu ce. Na hau mota zuwa Kachia, na ciko buhu da baƙar ƙasa daga gonar babana da aka gama tone citta, na biya ta rugar wani abokinsa na karɓo kashin shanu. Na sa aka yanka mini duro gida biyu, na tumɓuke kilibiya daga 'yar tukunyarta na dasa ta a tsakiya, na lulluɓe da busasshiyar ciyawa. Ruwa safe da yamma. Da hantsi kuma in jawo duron bakin ƙofa, wai ta sha rana ta warware. (Har tausayin ta nake ji, wai shekara da shekaru an tsare ta a kurkuku.)

Ba a daɗe ba bakin ganyen ya fara ƙonewa. Sai na ƙasa suka koma rawaya, suka yi laushi, in na taɓa ɗaya sai ya biyo hannuna da wani wari. Me na yi? Na ƙara ruwa. Abinci ya daina shiga. Duk sanda Rifkatu ta kira ta ce, "Yaya fulawar Mama?" sai in ce tana nan garau, har ta yi ƙiba.

Ina cikin wannan hali, wata safiya na ɗaga ciyawar, sai ga 'yan tsiro koraye shar, masu tsini kamar fensir, sun huda ƙasa kewaye da gindin. Na durƙusa na yi godiya ga Allah. Kilibiya ta haihu! Na ɗauki hoto a tsanake, yadda tsiron kawai zai fito ban da uwar, na tura wa Mama. Ba a jima ba ta aiko da saƙon murya.

"Na gode wa Yesu! Ɗana, hannunka yana da albarka. Tun da Baban Rifkatu ya kawo shi, sau ɗaya tak ya taɓa ba ni ɗa. Matan zumunta sun daɗe suna roƙona. Zan gaya masu kowa ya zo da tukunya."

Ya kamata nan jikina ya ba ni. Shukar da ta shekara da shekaru tana rowar 'ya'ya, ta yaya za ta zubo su haka a gidan gwauro? Amma mai jin tsoro ba ya son tambaya, abin da zai riƙe kawai yake nema.

Bayan Mama ta dawo daga Gwantu, ranar da ta ce in kawo kilibiyar, na tsayar da keke napep, muka ciccibi duron da ƙyar. Shirina shi ne in ce uwar ta rame ne saboda haihuwa, ai Mama nas ce, za ta fahimta. Muna hanya keken ya faɗa rami, gwiwata ta bugi tsiro ɗaya ya karye. Wani ƙamshi ya tashi, ƙamshin da na sani fiye da sunana. Mai keken ya shaƙi iska ya ce, "Oga, kayan shayi ka ɗauko ne?" Ashe guntattakin cittar da suka saura a ƙasar babana ne suka samu ruwa da taki suka tashi. Na buɗe baki zan ce ya juya, sai na ga mun riga mun iso, ƙofar gida a buɗe, mata suna ɗaga mini hannu.

Aka sauke duro a tsakar gida. Wata dattijuwa, Mama Tabita, ta riga kowa miƙo bokitinta, har ta huda masa gindi ta zuba ƙasa. Mama ta sa tabarau, ta duƙa, ta kawar da ciyawar. Ta zura yatsa ta tono tsiro ɗaya, ya fito da wani ƙullutu a gindinsa. Ta kai hanci. Ta miƙa wa Mama Tabita, ita ma ta sunsuna.

"Citta ne!" in ji Mama Tabita. "Kai, yaron nan, ba kai ne ɗan Kachia ba?"

Dariya ta ɓarke, har wata ta zauna a kan bokitinta tana share hawaye. Ni dai ina tsaye ina murmushin da ya fi kuka ciwo. Amma Mama ba ta yi dariya ba. Ta kama gindin kilibiyar ta ɗaga a hankali, sai ta taso ba wuya, saiwoyin nan farare sun koma baƙi, suna ɗiga. Mama ta daɗe tana kallon ta, sannan ta ce, "Abin da Baban Rifkatu ya bar mini ke nan." Wannan ya fi dariyar ƙona ni, don sai a lokacin na gane ba jarrabawa aka yi mini ba, amana aka ba ni.

Ta sa na kawo ruwa da reza. A gabana ta wanke saiwoyin, ta yanke duk ruɓaɓɓun, ta barbaɗa garin gawayi a kan 'yan da suka rage, ta mayar da ita ƙaramar tukunya. Matan suka kwashi cittar, wai kada su koma hannu rabbana. Da gida ya watse na durƙusa na ba da haƙuri, sannan na tambayi maganar zuwan iyayena.

"Su zo mana," in ji Mama, tana goge hannu. "Ranar da ya yi fure, su zo."

Ista ta zo ta wuce, ko alamar fure babu. Rifkatu ta dawo, ta yi mini dariya son ranta, ta kuma ƙi roƙar mini Mama. Yanzu sanyi ya sake zagayowa, kilibiya ta yi sababbin ganye, ni kuma kullum in na tashi daga makaranta sai na biya na leƙa tsakaninsu ko zan ga kan fure. Na koyi cewa in tsoro ya ce mini in yi wani abu da gaggawa, gara in nemi kujera in zauna. Shi ya sa in na shiga falon nan hannuwana suna cikin aljihu, ko ruwan sha Mama ta miƙo mini, sai na fita waje nake sha.